Aikin da Ya Dawo

…to ai ba filogi ba ne. Filogi kuma sau nawa? Saiti biyu ya canza, na biyun ma da hannunsa ya ɓare kwalin. Ba kwayil ba ne. Ba wayoyi ba ne. Kafireta kuwa ya kwance ta, ya wanke, ya hure ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya har sai da jiri ya fara ɗibarsa. To mene ne? Me kuma ya saura, jama'a?

Sikeli yana tsaye a gaban akori-kurar surukinsa, bonet a ɗage, inji yana aiki a silo, ba a taka totur ba. Ji fa. Don Allah ji yadda take numfashi — sumul, ko kofin ruwa ka ɗora a kan injin nan ba zai zube ba. Munafuka! A gareji baiwar Allah, a hanya 'yar iska. Da an loda mata bulo ta kama hawan nan na bayan gada, sai tari, sai fizga, ta cije, ta saki, ta cije… Injin da ya sauke da kansa, ya warware shi ƙarfe-ƙarfe, ya sa sabon fistan, sabon ringi, sabon gaskit, ya mayar. Kwana uku kacal ta yi a hanya aka dawo masa da ita. Yau kuma kwananta huɗu a nan, yana kallonta tana kallonsa.

Aka dawo masa da ita. Shi.

Shekara talatin da takwas a layin nan na makanikai, wa ya taɓa ji? Sikeli ai ba sunan yanka ba ne, hannunsa ne ya jawo masa. In ya ɗaure noti, je ka ɗauko duk na'urar awon da ka ga dama ka gwada, daidai za ka samu, ba ƙari ba ragi. Direbobi har cewa suke yi in Sikeli ya rufe maka inji ka manta da hanyar garejinsa. Haka suke cewa. Har yanzu ma haka suke cewa, ai ba wanda ya sani —

Ba wanda ya sani sai maman yara.

Kofin shayi. Wata uku ke nan, da safe, yana zaune a bakin gado, ta miƙo masa, ya karɓa, sai ga kofi a ƙasa. Bai sake shi ba. Wallahi bai sake shi ba, hannun ne… yana nan a jikinsa, yana kallonsa, amma kamar na wani aka jingina masa. Baki ya yi nauyi. Ita kuma sai salati take yi tana murza masa yatsu. Kwana shida a asibiti. A layi aka ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, shi ya ce ta faɗi haka. Hannun dama kuma ya dawo, ai ya dawo, ga shi nan yana ɗaukar cokali yana ɗaukar guduma. Ranar da zai koma gareji ta tare ƙofa, matar da ko murya ba ta taɓa ɗaga masa ba. "Malam, likita ya ce ka huta." Ya ce ta matsa. Ba ta matsa ba. Sai ya rantse mata: duk ranar da aiki ya dawo saboda hannun nan, ranar zai rufe akwatin sifana, ya rufe ke nan har abada. Ya rantse da Allah, a tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Me ya kai shi rantsuwa? Mutum da girmansa, da furfurarsa…

Saboda hannun nan, haka ya ce. In filogi ne ba hannu ba ne. In mai ne ba hannu ba ne. Ita ma ta san da haka, shi ya sa kwana huɗun nan ba ta tambaye shi komai ba, sai dai ta ajiye masa abinci ta kalli hannun.

Bari a sake gwadawa. Ɗazu ya taɓa tayimin, ya ja shi baya kaɗan, wa ya sani.

Ya rufe bonet ya shiga. Bulon yana nan a baya, suruki ya bar lodin don a riƙa gwaji da shi. Giya ɗaya. Biyu. Ya wuce mai faci, ya wuce rumfar mai baƙin mai, ya wuce sabon garejin nan na tsallaken titi mai farin fenti, inda suke sa riga iri ɗaya suna ɗaure noti da sifana mai awo — ka ja, ka ja, ta ce ƙas, ka tsaya. Ƙarfe ne zai gaya wa mutum ya tsaya! Hannun aro, haka ya raɗa mata suna, layi ya kwashe da dariya. Can suruki ya so kai motar tun farko. Bai faɗa ba, mutum ne mai kunya, amma magana ta zo. Mamana ce ta hana — 'yarsa, mai sunan mahaifiyarsa, ita ta tsaya wa mijinta kai da fata. "Babana yana raye za ka kai inji hannun wasu?" Da bakinta ta ba shi labari tana dariya, ranta fes. Yanzu fa? Me take cewa a gidan, me ake ce mata? Motar nan ita ce abincinsu, miji kuma yana zaune a tsakar gida tun Litinin. Kullum da la'asar sai ya zo, ya gaishe shi, ya sunkuyar da kai. "Baba, ya ƙoƙari? A yi a hankali, ba gaggawa." Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Gada. Giya uku. Ga hawan.

To bismillah… taka. A hankali. Haka, haka 'yar albarka, haka — tana ja. Tana ja! Ashe tayimin ne, kai Sikeli, kwana huɗu kana wahalar da kanka a kan… rabin hawa, ya ƙara totur —

Bub. Bub-bub. Fizga.

Sitiyari yana rawa a hannunsa, bulo yana ƙara a baya. Wani mai babur ya kauce ya wuce yana danna hon yana ɗaga masa hannu. Je ka, ɗan nan, je ka, Allah ya shirye ka.

"Matse, Baba." Likitan nan siriri mai tabarau, ya miƙo masa yatsu biyu-biyu. "Matse da hagu. Madalla. Yanzu da dama. Matse mana." Ai na matse. "Da ƙarfi." Ai ƙarfin ke nan, so kake in karya maka yatsu? Likita bai yi dariya ba, ya juya ya rubuta wani abu a takarda. Me ya rubuta? Bai tambaya ba. Me likita ya sani a kan hannu, mutumin da bai taɓa ɗaga abin da ya fi biro nauyi ba…

Ya sauko giya biyu, mota ta ƙarasa hawan da ƙyar tana haki. Ya juyo a bakin gidan mai. Gangarowa kuwa lafiya lau, kamar ba ita ba.

Yi tunani. Yi tunani irin na bakanike, ba irin na tsohon da tsoro ya kama ba. A silo lafiya. Ba kaya lafiya. Sai an matsa mata. Wato akwai abin da yake jure ƙaramin matsi, ya kasa jure babba. Wuta mai rauni tana yin haka — ya canza komai na wuta. Ƙarancin mai yana yin haka — ya zare tiyo ya gani da idonsa, famfo yana feshi kamar me. Saura… saura abin da ke can ƙasan akwati, nannaɗe a tsumma. Gejin awon matsin inji. Kwana huɗu yana sa hannu a akwatin nan yana tsallake shi. Da motar wani ce, aikin wani bakanike aka kawo masa, tun ranar farko kafin ya sha ruwa zai ɗaura shi. Ya sani sarai. Filogi wani ya ƙera, kwayil wani ya ƙera, fetur wani ya sayar. Duk abin da ya bi da zargi kwanakin nan na wasu ne. Geji kuwa cikin inji yake leƙawa, cikin injin nan kuma ba wanda ya shiga sai shi.

Tsoro yake ji. To, tsoro yake ji, sai me? An faɗa.

Ya shigo da ita ƙarƙashin rumfa ya kashe. Mai walda, maƙwabcinsa na shekara ashirin, ya ɗage baƙin gilashinsa zuwa goshi, tumbi a gaba. "Sikeli, motar nan aurenta za ka yi ne? A gaya mana mu ɗinka riga."

"Zo ka murza min makulli."

Filogi huɗu ya zare, ya jera su a kan tsumma yadda suka fito. Ya warware gejin. Gilashinsa ya tsage tun shekarun baya amma allura ba ta ƙarya. Silinda ta ɗaya. Murza. Allura ta yi tsalle, ta yi tsalle, ta tsaya a ɗari da saba'in. Madalla, haka ake so, ringin ya zauna. Ta biyu. Murza… ɗari da arba'in. Hm. Ƙila bakin gejin bai zauna ba. Sake. Ɗari da arba'in. Ta uku — kar ki yi min haka, don Allah kar ki — ɗari da arba'in. Ta huɗu, ɗari da saba'in, kamar tana masa gwalo.

Biyu da uku. Maƙwabtan juna, siririn bango ɗaya ne tsakaninsu, gaskit kwance a kansa, tof, wato kan inji, ya danne gaskit. Dukansu sun yi ƙasa, kuma daidai wa daida. Ba sai an tambayi kowa ba: iska tana ratsawa daga wannan zuwa wancan. A silo ba ta da ƙarfin da za ta nuna kanta, sai an hau hawa da kaya, wuta ta yi ƙarfi a ciki, ta ɗaga tof ɗin kamar kaurin gashi, ta wuce.

"Lafiya?" Mai walda ne, ya leƙo ta taga. Ko shi da bai san komai ba sai narka ƙarfe ya ga fuskar ta canza.

"Gaskit ne. Jabu."

"Kai! Mutanen nan ba tsoron Allah." Ya fito yana tsaki, ya koma wajen waldarsa.

Jabu. Baki ya faɗa tun kafin kai ya yarda. To ai yana yiwuwa, jabu ya cika gari, me ba a yi yanzu? Amma shi ya zaɓo shi. Uku aka ɗora masa a kan kantar shago, ya lanƙwasa, ya shinshina, ya duba ƙarfen bakin zoben, ya ture biyu ya ɗauki ɗaya. Ko tof ɗin ne ya karkace? An wanke fuskarsa a injin gogewa, da aka kawo ya ɗora masa rula ta ƙarfe ya duba da hasken rana, ko zare ba zai bi ta ƙarƙashi ba. Abu uku ne kawai ke sa gaskit ya saki. Biyu sun fita. Na ukun…

Noti goma ne ke riƙe tof. "Daga tsakiya ake farawa, dolo!" Tsoho ke nan, maigidansa da ya koya masa aiki, Allah ya jiƙansa, da goronsa a kunci da zaginsa a baki. Daga tsakiya, ka kewayo waje, zagaye uku: na farko sallama, na biyu zama, na uku ɗauri. "Kar ka saurari kafaɗa, kafaɗa maƙaryaciya ce. Wuyan hannu za ka saurara." Akwai wani wuri da noti yake cijewa, wani ɗan zafi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu — nan. Ka wuce nan ka tsinke noti, ka tsaya kafin nan ka zubar da mutuncinka. Shekara biyu yana wankin ƙarfe da fetur kafin Tsoho ya bar shi ya rufe tof. Ranar kuwa ya bi bayansa noti goma, ɗaya bayan ɗaya, yana ja yana harararsa. Ko ɗaya bai motsa ba. Bai ce madalla ba, ya dai miƙo masa sifanarsa mai dogon hannu ya tafi wanke hannu. Ga ta nan. Hannunta ya yi santsi, wurin yatsu har ya lotsa.

Ya kwance murfin bawul. Inji da sauran zafi, warin baƙin mai ya bugi hanci. Ga su nan a jere, biyar nan biyar can, kawunansu suna ƙyalli. Ya sa soket a kan na tsakiya. Hannun dama. Ƙafa ɗaya a kan bamba. Ya Allah… ja.

Ya cije. Ga zafin nan, ga shi nan ya taso daga wuyan hannu, daidai inda ya saba tasowa. Noti bai motsa ba.

Bai motsa ba!

Na kusa da shi. Ja. Cije, zafi, tsaya. Ƙam. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi! Jabu ne. Ashe gaskiya bakin ya faɗa, jabu ne, 'yan banza, sun kusa kashe shi da ransa. Dariya ce ke son zuwa. Yau zai koma gida ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce maman yara, kin ga hannun nan da kike ta yi wa kallon mara lafiya? Gobe da sassafe sabon gaskit, kafin azahar suruki ya ɗauki motarsa, Mamana ta ɗaga kai a gidanta. Gumi yana shiga ido. Ya miƙa wa hagu sifanar don ya share fuska da dama, ya dafa ta zai miƙe —

Ta tafi.

A'a. Soket ne ya zame.

Ya duba. Soket yana zaune daram a kan noti. Hannun sifanar da yake kallon batir yanzu yana kallon lagireto.

Sake. Da hagu, da gangan. Ja… ta biyo shi, laƙwas, kamar murfin kwalba. Kwatan zagaye guda ta yi kafin ta fara cijewa. Na kusa da shi — dama ta ce ƙam, ba minti biyu ba, dama ta ce ƙam — hagu ta ja, ya tafi. Na uku ya tafi. Na huɗu. Yana bin su daga tsakiya zuwa waje yadda aka koya masa, don hannu bai san wata hanya ba, kowanne kuma yana juyawa. Goma cikin goma.

Hagu. Hannun da shekara talatin da takwas aikinsa riƙe fitila da miƙo noti da tare ƙarfe. Shi ne yau yake bin bayan dama yana gyara mata aiki.

Kuma zafin ya zo fa. Abin da ya kasa haɗiyewa ke nan. Ya zo ranar da ya rufe injin nan, ya zo yanzu, a wurinsa, da kamanninsa. Hannun bai yi masa ƙarya da gangan ba, iyakarsa ya kai ya ce ya isa. Iyakar ce ta matso kusa ba tare da ta yi sallama ba. Abin da likita ya rubuta ke nan, wato. Layi ɗaya, da biro.

Ya zauna a kan bamba.

To… wa ya gani? Mai walda yana can fuska a rufe, wuta tana tartsatsi. Gobe a sa sabon gaskit, a ɗaure da hagu, ko da hannu biyu, mota ta hau hawan nan tana waƙa. An riga an ce jabu, kafin magariba layi duk ya ji, mai walda ba ya riƙe magana. Rantsuwa kuma… saboda hannun nan, haka ya ce, wa zai ce saboda hannun ne? Shi kaɗai. Shi da Wanda ya rantse da Shi. Sai maman yara, da za ta kalle shi sau ɗaya daga bakin ƙofa ta gane. Ya rufe akwati ya zauna a gida ya yi me? Ya ƙirga kaji? Mutum yana da shekara goma sha biyar ya shiga ƙarƙashin mota, bai san wani wurin zama ba. Aiki ɗaya ne ya dawo. Ɗaya tak. Tun da ya tashi daga ciwon nan motoci nawa ya taɓa, wacce ta dawo? Kullum sai ya lissafa su a ransa a hanyar gida, su ne shaidarsa: tasin nan da ya canza wa ƙafar gaba, motar malamin makaranta da ya ɗaure wa tayarod na sitiyari, bas ɗin da ke ɗibar ma'aikata da ya sauke mata tayoyi huɗu ya sa sabon birki ya mayar —

Ya mayar. Da wane hannu?

Innalillahi.

Inji yana tari, yana fizga, yana ba mutum kwana uku ya kawo shi. Taya ba ta tari. Tayarod ba ya fizga. Suna nan shiru, noti yana warwarewa zare-zare, yau kaɗan gobe kaɗan, sai ranar da aka cika mota aka ɗauki gangare… Ba su dawo ba. Yana ta murna ba su dawo ba! Malamin makaranta ya san gidansa, wannan da sauƙi. Mai tasi yana tsayawa a bakin kasuwa, a neme shi a samu. A ce masa me? Kawo motarka in sake duba notin da na ɗaure, ni Sikeli? In ya faɗa wa mutum ɗaya ya faɗa wa layi. Bas ɗin kuma — direban baƙo ne, wucewa yake yi birki ya kama masa, ko sunansa bai tambaya ba. Sati biyar. Mutum goma sha takwas take ɗauka, safe da yamma…

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki."

Suruki. La'asar ta yi ke nan. Yana tsaye a bakin rumfa, kai a sunkuye, yana satar kallon injin da aka buɗe. "An dace kuwa?"

"An gano!" Mai walda ne ya ɗaga murya daga can, ko gilashin bai ɗage ba. "Gaskit aka sayar masa jabu!"

Fuskar suruki ta washe, har ya manta ya ɗago kai ya kalle shi ido cikin ido. "Alhamdulillahi! Ai na faɗa mata a gida, na ce ko mene ne, ba dai daga aikin Baba ba. Ashe jabu ne, Baba?"

Gyaɗa kai kawai ake jira. Sau ɗaya, ƙasa da sama, kowa ya tafi gida da farin ciki. Sikeli yana zaune a kan bamba, sifana a hannun hagu, dama a kan cinya. Lambar bas ɗin nan yake nema a ransa — shuɗiya ce, gilashin baya a tsage, akwai bakwai a lambar… bakwai ce, ko ɗaya?